Ranar Isowa da Ranar Tashi: Tsuntsayen Ƙaura Tsakanin Farkon Bazarar Turai da Ƙarshen Ranin Sahel

Tsakure

Kusan ƙarni uku ke nan masu sha'awar tsuntsaye a Turai suna rubuta ranar da tsuntsayen ƙaura suke komawa ƙasashensu a farkon bazara. Wannan maƙala ta bi tarihin al'adar, ta duba amfaninta da rauninta, sannan ta kafa hujja cewa ranar isowar da ake rubutawa a Ingila ko Holan rabin labari ce. Ɗaya rabin yana faruwa ne a watannin Maris da Afrilu a kan gawo da aduwa da fadamun Sahel, inda tsuntsun yake tara kitsen ƙetare Sahara. Maƙalar ta kawo shawarar a kafa kundin rubuta tashi da isowar tsuntsaye a garuruwan Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar, a bisa ƙa'idar da masana za su iya dogara da ita.

Gabatarwa



A tsibirin Birtaniya, da zarar Maris ya kama, mutane kan fita bakin teku da gefen tafkuna da madubin hangen nesa a wuya, suna jiran baƙin farko. Waɗanda suka fi saurin isowa sanannu ne. Akwai ƙaramar tsattsewar nan mai ruwan ƙasa da ke haƙa rami a gaɓar kogi, Riparia riparia. Akwai ɗan tsuntsun fili mai farin gindin wutsiya, Oenanthe oenanthe. Akwai ƙaramar agwagwar da namijinta ke da farar gira, Spatula querquedula. A Afrilu sai tsattsewar gida mai rababbiyar wutsiya ta biyo baya, da tsuntsun kukku, da mai farin maƙogwaro. Wanda ya fara gani yakan rubuta rana da wuri, ya aika wa ƙungiyar masu lura da tsuntsaye ta yankinsa.

Dukan waɗannan da na ambata, kudu da Sahara suke yin watannin da Turai take cikin sanyi, kuma da yawansu a ƙasarmu. Agwagwar da Bature ya yi murnar gani guda biyu a tafkin ƙauyensu, dubbanta ne suke kwana a fadamun Haɗeja da Nguru tun daga kaka har ƙarshen hunturu. Don haka batun dawowar tsuntsaye a bazarar Turai ya shafe mu kai-tsaye, ko da yake mu tafiyarsu muke gani a daidai lokacin da su suke ganin zuwansu.

Yadda aka fara rubuta ranar isowa

A shekarar 1736 wani mai gonaki a gundumar Norfolk ta Ingila, Robert Marsham, ya soma rubuta abubuwan da ya kira alamomin bazara: ranar da itatuwa iri-iri suka fitar da ganye, ranar da ya fara ganin tsattsewa, ranar da ya fara jin kukan kukku. Alamomi 27 ya riƙa bi, ya kuma miƙa sakamakon ga ƙungiyar masana kimiyya ta masarautar Ingila a 1789. Bayan rasuwarsa zuriyarsa suka ci gaba da aikin har 1958. Babu wata na'ura a cikin wannan aiki, ido ne da kunne da alƙalami, da kuma naci. Amma yau duk mai son sanin yadda bazarar Ingila take kafin zamanin masana'antu, ga kundin gidan Marsham yake komawa.

A zamanin Marsham ba a ma tabbatar da inda tsuntsayen suke zuwa ba. Gilbert White, limamin coci a ƙauyen Selborne wanda littafinsa kan halittun ƙauyen ya fito a 1789, ya daɗe yana zaton wasu tsattsewa ɓuya suke yi su yi dogon barci har sanyi ya wuce. Hujja mai ƙarfi ta zo a 1822, lokacin da aka harbi wata farar shamuwar Turai kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka tarar da mashin Afirka mai tsawon kusan santimita 80 soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar dubban kilomita. Tana nan ajiye a Jami'ar Rostock har gobe. Daga baya wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa a 1899, kuma a Disambar 1912 aka kama wata tsattsewa a Natal ta Afirka ta Kudu ɗauke da zoben da aka sa mata a Ingila a 1911.

Ranar farko tana da rauni

Kafin a ɗora wani gini a kan waɗannan ranaku, ya kamata a san inda suke da tsaga. Ranar ganin farko ba ta dogara da tsuntsu kaɗai ba, ta dogara da yawan idanun da ke dubawa. Idan masu fita duba tsuntsaye sun ninka, za a riƙa cin karo da baƙon farko da wuri ko da ƙaurar ba ta canza ba. Idan kuma yawan tsuntsun ya ragu, ganinsa na farko zai jinkirta alhali waɗanda suka rage suna zuwa a kan lokacinsu. Hatta ranakun hutun mako suna da tasiri, domin Asabar da Lahadi aka fi fita.

Ga kuma zumuɗi. Jaridar The Times ta Landan ta yi shekara da shekaru tana buga wasiƙun waɗanda suka ce sun ji kukku na farko. A Fabrairun 1913 wani babban masanin halittu, Richard Lydekker, ya rubuta cewa ya ji shi a lambunsa tun farkon watan, wato wajen wata biyu kafin lokacin da aka saba. Bayan 'yan kwanaki sai ya sake rubuto wasiƙa ya janye maganarsa: ashe wani leburan magina ne a unguwar ya iya kwaikwayon kukan da bakinsa. Na kawo wannan labari ne domin abin da Lydekker ya yi shi ne daidai, kuma duk kundin da za mu kafa sai ya zama yana da ƙofar gyara irin wannan.

Saboda waɗannan matsaloli masana suka koma auna tsakiyar isowa, wato ranar da rabin tsuntsayen suka iso, ta hanyar tashoshin sa zobe da ke aiki kullum da kuma cikakken jerin abin da mai dubawa ya gani a kowace fita. Da aka tace bayanan ta wannan hanya, sakamakon ya tsaya: tsuntsaye da yawa suna isowa da wuri fiye da da. Rahoton halin tsuntsayen Birtaniya na 2017 ya nuna tsattsewar gida tana isowa kwana 15 kafin lokacin da take isowa a shekarun 1960, tana kuma yin ƙwai kwana 11 da wuri. Sai dai ba kowane iri ne ya matso da lokacinsa ba, kuma waɗanda suka kasa matsowa suna cikin waɗanda adadinsu ke raguwa.

Shekarar da mai farin maƙogwaro bai koma ba

Abin da ya juyo da hankalin masanan Turai zuwa Sahel ya faru ne a bazarar 1969. Mai farin maƙogwaro, Sylvia communis, ɗan tsuntsu ne mai nauyin kusan giram 15, kuma yana cikin mafiya yawa a shingayen gonakin Ingila. A kakar 1968 ya tashi kamar yadda ya saba. Da bazara ta zagayo, ƙidayar da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, take gudanarwa ta nuna fiye da kashi biyu bisa uku ba su dawo ba. An yi ta zargin magungunan ƙwari da cuta da guguwar hanya. A 1974 Winstanley da Spencer da Williamson suka buga bincikensu a mujallar Bird Study, suka danganta abin da ƙarancin ruwan sama a Sahel ta yamma. Fari ne wanda muka fi su saninsa, domin shi ne ya ci gaba ya kai ga yunwar 1973 da ta karkashe dabbobi ta tarwatsa iyalai daga Senigal har Chadi. Da fari ya sake tsananta a 1983 da 1984, tsattsewar gaɓar kogi da wasu tsuntsayen fadama suka sake faɗuwa a ƙidayar Turai.

Ke nan mai ƙidaya a Ingila yana auna daminar Sakkwato da Damagaram ba tare da ya sani ba. Littafin Zwarts da abokan aikinsa na 2009 kan fadamun Sahel ya faɗaɗa wannan hujja, ya nuna cewa yawan wasu zalɓe da agwagi da farar shamuwa da ke komawa Turai yana hawa da sauka tare da girman ambaliyar manyan fadamu: tsakiyar Kogin Kwara a Mali, bakin Kogin Senigal, kwarin Logone, Tafkin Chadi da Haɗeja-Nguru.

Kitse a watan da babu komai

Reginald Moreau, a littafinsa na 1972 kan ƙaurar tsuntsaye tsakanin Turai da Asiya da Afirka, ya ƙiyasta cewa tsuntsaye kusan miliyan 5,000 ne ke shigowa Afirka duk shekara. Wani ƙiyasi na 2009 da Hahn da Bauer da Liechti suka yi, wanda ya taƙaita ga ƙananan tsuntsayen da ke fitowa daga Turai, ya ba da kimanin miliyan 2,100. Amma abin da ya fi ɗaure wa Moreau kai shi ne lokaci. Baƙin suna sauka a Sahel a Satumba da Oktoba, damina na bankwana. Daga nan ƙasa sai bushewa take yi. Ciyawa ta ƙone, tafkuna su janye, yawancin itatuwa su zubar da ganye. Kuma a Maris da Afrilu, lokacin da rana ta fi ƙuna kuma makiyayi yake sassabo wa dabbobinsa reshe don babu abin kiwo a ƙasa, a lokacin ne ɗan tsuntsun yake bukatar abinci fiye da kowane lokaci.

Dalili kuwa Sahara ce, mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, ga kuma Bahar Rum a bayanta. Kamar yadda ayarin gishiri ba ya barin Abzin zuwa Bilma sai an ɗaure wa raƙuma dammunan ciyawar da za ta kai su ta dawo da su, haka tsuntsun ba ya tashi sai ya ɗaure guzurinsa, kuma guzurin nasa kitse ne a ƙarƙashin fata. Mai sa zobe yakan kwantar da tsuntsun rigingine a tafin hannunsa, ya hura gashin ƙirjin a hankali har fatar ta bayyana. Fatar shara-shara ce, ana hangen abin da ke ƙarƙashinta. A Janairu za a ga jan tsoka da ɗan rami a gindin wuya. A farkon Afrilu ramin ya cika ya tumbatsa da kitse mai ruwan ɗorawa, ya malalo ya lulluɓe ciki. Akwai ma'auni daga 0 zuwa 8 da ake amfani da shi wajen rubuta wannan. Tsuntsun fadama mai giram 11 ko 12 yakan haura giram 20 cikin 'yan makonni.

A ƙasarmu aka yi ɗaya daga cikin binciken farko kan wannan al'amari. A bazarar 1967 wata tawagar masana ta yi zango a Malam Fatori a gaɓar Tafkin Chadi, tana kama tsuntsaye tana auna su, kuma Fry da Ash da Ferguson-Lees suka buga sakamakon a mujallar Ibis a 1970. Sun gano abinci biyu da ke riƙe da baƙin: 'ya'yan itacen asuwaki, Salvadora persica, waɗanda ke nuna a daidai wannan lokaci, da kuma tarin ƙananan ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa daga tafkin. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. A tsakiyar shekarun 1980 bai kai 2,000 ba, kuma ruwan ya yi wa Malam Fatori nisa.

Game da ƙetarewar kanta, binciken da masanan Suwizalan suka yi da na'urar rada a hamadar Muritaniya ya nuna yawancin ƙananan tsuntsaye da dare suke tafiya, da rana su sauka su laɓe a inuwar dutse ko ɗan tsiro, ba ci ba sha, har magariba. A tafiyar bazara sukan hau sama sosai su wuce iskar arewa maso gabas da ke tunkararsu, su shiga wadda za ta tura su gaba. An samu wani irin tsuntsun fadama da na'urar da aka ɗaura masa ta nuna ya kai tsayin mita 6,000.

Wane ne ke sa ranar tashi?

Gwaje-gwajen Eberhard Gwinner a Jamus sun tabbatar da cewa tsuntsun ƙaura yana da agogon shekara a jikinsa. Ko an ajiye shi a keji cikin haske da zafin da ba sa canzawa, idan lokaci ya yi zai yi kitse, ya kwana yana fuffuka yana neman tafiya. Wannan agogo ya yi masa amfani dubban shekaru, amma ba ya gaya masa halin da dajin Holan yake ciki. Christiaan Both da abokan aikinsa sun nuna a mujallar Nature a 2006 cewa a dazuzzukan Holan inda tsutsotsin ganye suka koma fitowa da wuri saboda ɗumamar yanayi, tsuntsun nan baƙi da fari mai cafke ƙuda, Ficedula hypoleuca, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Yana isowa daga Afirka ta Yamma, ya yi sheƙa, 'ya'yansa su ƙyanƙyashe bayan kakar tsutsar ta wuce.

Bincike biyu na baya-bayan nan sun kai maganar inda nake so ta kai. A 2017 Ouwehand da Both suka bi sawun wannan tsuntsu da ƙananan na'urori masu auna hasken rana, suka tarar cewa bambancin ranar isowa a Holan ya samo asali ne daga ranar tashi daga Afirka, ba daga saurin tafiya ba. Cibiyar BTO kuma, wadda take ɗaura wa kukku na'urar tauraron ɗan Adam tun 2011, ta gano cewa kukkun Birtaniya yana yin hunturu a dazuzzukan Kwango, a Maris ya matso Afirka ta Yamma ya yi zango, kuma ranar da ya bar wannan zango ita ce ta fi kowane abu ƙayyade ranar isowarsa gida. Zangon kuwa ruwan farko yake jira, wanda ke fito da tsutsar da zai yi kitse da ita. Saboda haka kukku ba shi da ikon matso da lokacinsa komai saurin bazarar Ingila, muddin ruwan Afirka ta Yamma bai matso ba.

Idan haka ne, wurin da ya fi bukatar masu lura shi ne wurin tashi. Kuma a nan ne suka fi ƙaranci.

Gawo, aduwa da fadama

Ba kowace bishiya ce ke ciyar da baƙon tsuntsu ba. Ƙidayar da Zwarts da tawagarsa suka yi, bishiya bayan bishiya a faɗin Sahel, ta nuna baƙin suna taruwa ne a kan 'yan itatuwa ƙalilan, akasari masu ƙaya: gawo, kandili, aduwa, dushe a ƙasar da ruwa ke kwanciya, sai kuma itacen asuwaki. Bayanin da suka bayar mai gamsarwa ne. Itacen da ya kare kansa daga dabbobi da ƙaya bai cika zuba ɗaci ko guba a ganyensa ba, don haka ƙwari suna samun abin ci a kansa, tsuntsu kuma ya samu ƙwari. Darbejiya da turare, waɗanda su muka fi dasawa a shirye-shiryen yaƙi da hamada, kusan babu abin da baƙin suke samu a kansu.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, manomi yana son sa don gero na yin kyau a ƙarƙashinsa, makiyayi yana son 'ya'yansa. Duk wanda ya zauna a gindin gawo da hantsi a watan Maris ya ɗaga kai ya yi haƙuri na minti goma, zai ga 'yan tsuntsaye masu ruwan toka ko kore-kore, ba su kai gwara ba, suna bin ƙananan rassa ɗaya bayan ɗaya, suna leƙa ƙarƙashin ganye, ba sa tsayawa ko kaɗan. Ba su da ado kuma ba su cika kuka ba, shi ya sa ba a kula su. Bayan sati uku wasunsu suna rera waƙa a Faransa ko Jamus. A nan aikin manoman jihohin Maraɗi da Damagaram yake da muhimmanci. Tun tsakiyar shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe maimakon tumɓuke shi, har aka ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. A yankunan Magarya da Matamaye gawo ne ya fi yawa a cikin abin da ya tashi. Sun yi ne don gero da itacen girki da abincin dabba, amma a ganina babu wani shirin kare tsuntsayen ƙaura da ya kai wannan tasiri a Sahel ta tsakiya.

Labarin fadama ya sha bamban. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza yadda ruwa ke isa Haɗeja da Nguru. Ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa, wasu wurare suka nutse dindindin wasu suka bushe. Tun a shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar ya fi kawo amfani, ta fuskar shinkafa da kifi da kiwo da itace, a kan wanda aka tare don noman rani a sama. An sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya a 2000, kuma wurin ajiyar tsuntsayen ruwa na Dagona yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi. Matsayi a takarda ba ya sakin ruwa daga madatsa. Abin da ke kare agwagwar da za ta tashi a Maris shi ne abin da ke kare masunci da mai shinkafa, wato a saki ruwa a lokacin da ya dace.

Farauta ma tana cikin lissafi, kuma ba laifin ɓangare ɗaya ba ne. Kurciyar Turai, Streptopelia turtur, wadda ke hunturu a Sahel, ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a Birtaniya tun shekarun 1970. Da Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinta a 2021, cikin shekara biyu aka ga adadinta ya fara ɗagowa a yammacin Turai.

Kundin tashi da isowa

Ba daga sifili za mu fara ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos ta horar da ɗalibai masu yawa daga ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015 ya raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, masu sa kai suna aika abin da suka gani ta wayar hannu. Akwai kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi duk Janairu. Giɓin da ya rage shi ne na maimaici a wuri guda: mutum ɗaya, fili ɗaya, mako bayan mako, shekara bayan shekara, irin na gidan Marsham.

Rubuta tashi ya fi rubuta isowa wuya. Baƙon da ya iso ana ganinsa, wanda ya tafi kuwa sai an daɗe ba a gan shi ba sannan a farga. Maganin wannan shi ne cikakken jeri. Mai lura zai zaɓi hanya ɗaya, misali daga bayan makaranta zuwa bakin fadama, ya bi ta sau ɗaya a mako da sassafe na tsawon awa guda daga Fabrairu zuwa Yuni, ya rubuta duk abin da ya gani a cikin zaɓaɓɓun tsuntsaye, ya kuma rubuta sifili ga wanda bai gani ba. Sifilin nan shi ne bayanin da ya fi daraja. A fara da irin da ba a ruɗewa a kansu: tsattsewar gida, agwagwa mai farar gira, da ɗan tsuntsun nan mai kaɗa wutsiya da ke bin ƙafafun shanu a fadama, Motacilla flava, wanda cikinsa ke rikiɗa ya zama rawaya shar a Maris, alamar tafiya ta ƙarato.

Sai shamuwarmu ta gida. Ita ba Turai take zuwa ba. Ƙaurarta cikin Afirka ce. Takan yi watannin raninmu a gabashi da kudancin nahiyar, kamar yadda na'urorin da aka ɗaura wa wasu a Nijar a farkon shekarun 2000 suka nuna, ta dawo gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari. Manomi ya daɗe yana karanta zuwanta, kuma ba a taɓa ta. Ita ce baƙuwar farkon bazararmu, kuma kowane yaro a ƙauye ya san ta, don haka ranar isowarta ita ce abu mafi sauƙi da za a fara tarawa. Idan aka haɗa ranar shamuwa da ranar ruwan shuka da ranar da baƙin Turai suka ɓace, a garuruwa talatin ko arba'in daga Argungu zuwa Gashuwa, daga Tawa zuwa Diffa, cikin shekara goma za a samu abin da babu shi yanzu a ko'ina: hoton yadda ƙaura biyu masu sassaɓawa suke amsa canjin damina ɗaya. Dattawa ma suna da abin faɗa kan yadda lokacin yake a da, kuma ya kamata a ɗauki maganarsu a rubuce, a ware ta a matsayin tuni ba ƙidaya ba.

Akwai batun zobe da na'ura. Masunta da mafarauta suna cin karo da tsuntsu mai zobe fiye da kowane masani, amma tsoro kan sa su jefar da shi ko su ɓoye. Tsoron ba na banza ba ne, ganin halin tsaron da ake ciki. A Masar ma a 2013 an tsare wata farar shamuwa a ofishin 'yan sanda bisa zargin leƙen asiri saboda na'urar da ke bayanta. Ana bukatar bayani da Hausa da Kanuri da Fulatanci a gidajen rediyo, da sanin masu unguwanni da jami'an tsaro, cewa lambar da ke jikin zoben ita kaɗai ake nema, tare da rana da sunan garin, kuma ba za a tuhumi wanda ya kawo ba.

Game da wanda zai riƙe kundin, shawarata malaman kimiyya na makarantun sakandare da ma'aikatan gona na ƙananan hukumomi, saboda suna zaune a wurin duk shekara. A ba kowa littafi mai bango mai ƙarfi da madubin hangen nesa guda ɗaya, a sa wani sashen jami'a mafi kusa ya riƙa karɓar kwafi duk ƙarshen Yuni yana tacewa yana shigarwa cikin taswirar ƙasa. Asalin littafin kuma ya zauna a makarantar, domin idan aka yi wa malami canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya buɗe shafi na gaba ya bi hanyar da aka saba bi.